Shekarar da Bakina Ya Mutu a Ajin Ingilishi

A layin da shagon atamfata yake, a Maourey, babu wanda ya taɓa kira na mai kunya. Na tashi da Zabarmanci a gida, na tsinci Hausa a kasuwa, makarantar lekol ta ba ni Faransanci, kuma duk ukun ina iya faɗa da su. Sai ga shi na shiga ajin Ingilishi ta waya, bakina ya mutu murus.

Masu aiko mani da kaya daga waje ne suka koma rubuto saƙo da Ingilishi, ni kuma na gaji da neman mai fassara. Ƙanwata ta sa sunana a wani aji da ake yi sau uku a sati, bayan la'asar. Malamarmu ƴar Gana ce, tana can ƙasarsu, mu kuma kowa yana inda yake a Yamai, fuskokinmu jere a waya kamar hotunan katin ɗan ƙasa. Akwai wani direba da ke shiga daga cikin motarsa, akwai ƴan mata biyu ƴan jami'a. Akwai kuma wani dattijo mai lambu a Goudel.

Wannan dattijo shi ya hana ni sakat. Kullum da malfa a kansa, ganyen mangwaro a bayansa, injin ban ruwa yana ta ƙugi. Kafin Malama ta rufe baki ya ɗaga hannu. Ingilishinsa duk a karye yake, amma haka zai ja shi har ya kai inda zai je: yadda kogi ya cika bana, yadda akuya ta shiga masa salak, hanyar da ake bi a gangara lambunsa. In ya yi kuskure shi ne zai fara dariya.

Ni kuwa sai in kasa zama. In jingina wayar da tulin atamfa, in tashi in ninke abin da yake a ninke, in leƙa ƙofa, in dawo. Ina harhaɗa magana a cikin kaina, kalma bayan kalma, kafin ta haɗu aji ya wuce wurin. In Malama ta kira ni, sai in kashe kyamara, daga baya in rubuta mata da Faransanci cewa rezo, wato layin waya, shi ne ya yanke. Har a hanyar gida nakan riƙa maimaita amsar da ban bayar ba, ina jin haushin mutumin da ko ganinsa ido da ido ban taɓa yi ba.

Wata rana Malama ta raba mu biyu-biyu don mu yi hira, ta haɗa ni da shi. Ya gaishe ni da Ingilishi, ya tambayi abin da nake sayarwa. Na san amsar, amma ta ƙi fita.

Na ce, "Baba, don Allah mu yi Hausa, ai Malama ba ta jin mu."

Ya girgiza kai, ya sake tambayar da Ingilishi. Na gwada shi da Zabarmanci, ya sake girgiza kai. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata wannan tsoho nuna isa yake yi, na kashe wayar gaba ɗaya. Aji biyu ban shiga ba.

A satin nan matar yayana ta haihu, aka ɗora mani sayen kayan miya na suna. Kasuwa tana bakin ƙofata, amma na tari taksi na ce Goudel. Har yau ban san ko sayayya ta kai ni ba ko neman faɗa. Ban yi ɓatan hanya ba, don ya sha kwatanta ta a aji. Na gangara ta bayan masu gyaran koma, na bi ƙarar injin.

Yana durƙushe cikin fangalin salak. Na yi sallama, na ce, "Baba, ni ce ta ajinku, mai atamfa."

Ya miƙe, ya cire malfar, ya buɗe baki. Leɓensa ya yi ta rawa. "Sa... sa... sa..." Ya runtse ido, ya buga ƙafa a ƙasa, sannan "sannu" ta fito. Bai ko dubi fuskata ba.

Matarsa tana gefe tana wanke karas a baho. Ta shimfiɗa mani buhu, ta kawo ruwa, ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da shi, in'ina gare shi tun yana yaro. Sai ya wuni bai ce uffan ba. Ni nake magana da masu saye."

Na ce, "Inna, wannan? Ai a aji ba ya barin kowa ya yi numfashi."

Ta yi dariya har ta saki karas ɗin. Ta ce ita ma ranar da ta fara jin sa ƙarƙashin mangwaro yana zuba, ta ɗauka rediyo ce.

Ya zauna nesa da mu kaɗan yana juya malfar a hannu. Ya ɗauki lokaci kafin ya haɗa maganar, mu kuma muka jira. Ya ce, "Ha... Hajiya, a can kowa ma in'ina yake yi. Ba... ba mai jira na da ido."

Na tuna yadda na matsa masa ya yi Hausa, kunya ta rufe ni. Shi a wannan aji ya sami wurin da ba a san shi da komai ba. Ni kuwa sunan da na yi na mai baki nake ta tsaro, a gaban mutanen da ba su ma san ina da shi ba. Na zaɓi tumatir da albasa ina ta sauri, kamar ana kora ta. A taksi na dinga motsa leɓe ina bitar Ingilishi, har matar da ke kusa da ni ta tambaya ko lafiya.

Da aji ya zagayo, na ɗaga hannu. Na ce zan ba da labarin suna. Na so in ce mun yanka rago, kalmar ta zame mani, maimakon "sheep" na ce "ship", wato mun yanka jirgin ruwa. Direban nan ya kwashe da dariya har ya danna oda. Fuskata ta yi zafi, yatsana ya kai kan kyamara. Sai dattijon ya ce da Ingilishinsa, "Ci gaba, ci gaba, jirgin ya yi daɗi?"

Na ce ya yi daɗi ƙwarai, da yaji muka ci. Daga nan ban tsaya ba. Na faɗi wanda ya zo da wanda bai zo ba, na faɗi irin ɗinkin mai jego, inda Ingilishi ya ƙare na cike da hannu. Malama ta ce lokacina ya cika, ban ji ba, sai ta kashe mani murya daga can. Ni dai ina ta yi, ban sani ba, har wata mai saye da ta daɗe a tsaye ta taɓa kafaɗata, ta ce, "Hajiya, in kin gama da Turawan, ki yanko mani yadi shida na wancan shuɗin."