Aikin Farfesar Ɗakina

Wata rana wata mata mai takaba ta kusa zubar da karatunta saboda sunan fayil.

Sunanta Zuwaira. Da 'ya'yanta ta koma makaranta, irin karatun nan da ake yi daga gida, a tura aiki ta intanet.

Maigidanta, Malam Tasi'u, shi ya matsa mata ta koma. Malamin Hausa ne a firamare. Ita ta rubuta jinga da biro, shi ya buga mata a laftof ɗinsa, yana bugawa yana tsokanarta. Tun ranar da ta yi rajista ya daina kiranta Maman Hanifa, sai Farfesa.

Jingar ƙarshe ta zangon, ya gama buga mata ita yana ta ƙorafin ciwon kai. Ya ce gobe zai tura.

Goben a asibiti ta same su. Bai dawo gida da ƙafarsa ba.

Bayan an share makoki, saƙo ya shigo zauren ajinsu na waya: duk wanda bai ɗora jingarsa ba kafin a rufe shafi ranar Juma'a, zai maimaita kwas ɗin baɗi. Zuwaira ta san in ta tsaya yanzu, ba lallai ta sake tashi ba. Mai tura ta ya tafi.

Ta buɗe laftof ɗin. Ga fayil ɗin nan a gaba, da sunan da ya sa masa:

Aikin Farfesar Ɗakina.

Har da lanƙwasar Ɗ ɗin. Malam bai yarda a rubuta ɗaki babu lanƙwasa ba, ko a saƙon waya ne.

Ta ɗora. Shafin ya ƙi karɓa, ya fito da jan rubutu.

Ta sake. Ya sake ƙi.

Ta koma ta karanta ƙa'idar malamin kwas ɗin. A bayyane take: fayil ya zama PDF, sunansa ya zama sunan ɗalibi da lambar rajistarsa, da haruffan Turanci zalla.

Ta kai hannu za ta canza sunan, sai hannun ya tsaya. Wannan ne abu na ƙarshe da ya rubuta mata a duniya. A ganinta in ta taɓa shi, ya tafi ke nan.

Ta rufe laftof ɗin, ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Juma'a da yamma Mardiyya, 'yar ajinsu, ta shigo duba ta. Ta gaishe ta, ta yi mata ya ƙarin haƙuri, sannan ta gyara zama.

"Maman Hanifa, duk ajinmu ke kaɗai ce ba ki tura ba. Data ce babu? Ga tawa."

"Akwai data."

"To aikin ne ba ki gama ba?"

Zuwaira ta buɗe laftof ɗin ta juya mata shi. Mardiyya ta karanta sunan, dariya ta ƙwace mata.

"Ikon Allah! Farfesa guda, kuma ta ɗaki? Ai dole shafi ya ƙi, bai san Ɗ ba, bai yi ajin Malam ba. Kawo in goge mu sa..."

Zuwaira ta dafe allon da tafin hannunta.

"Kar ki goge min. Shi ya rubuta. Gara in maimaita."

Mardiyya ta kalli sunan, ta kalli Zuwaira, ta sassauta murya.

"Yi haƙuri, bakina ne ya riga hankalina. Amma wa ya ce miki sai an goge? Kwafi za mu yi. Na makaranta ya tafi makaranta, naki ya zauna a ɗakinki."

"Ana yin haka?"

"Ke za ki yi ma da hannunki. Matso."

Ta nuna mata inda ake adana aiki da sabon suna. Zuwaira ta buga sunanta da lambar rajistarta da yatsa ɗaya, tana yi tana dubawa. Ta zaɓi PDF. Mardiyya ta sa ta buɗe sabon su tabbatar komai ya fito, sannan ta ɗora.

Wannan karon rubutun kore ne. An karɓa.

Zuwaira ba ta ma tsaya kallon koren ba. Komawa ta yi da sauri ta duba. Ga fayil biyu gefe da gefe. Ɗaya da lamba. Ɗayan yana nan yadda ya bar shi, da lanƙwasarsa.

Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na sauka a hijabinta.

Mardiyya ta miƙe ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo.

"To, Farfesa, sai na sake leƙowa."

Tun rasuwar, ranar ce aka fara jin dariyar Zuwaira a gidan.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma da aka ba ni labarin nan na gane shi sarai. Har yau lambar marigayi mahaifin yarana tana cikin wayata, da sunan da nake kiransa.

Darasi: Kafin ka tura aikin makaranta, karanta ƙa'ida. Sa sunanka da lambarka, adana shi a irin fayil ɗin da aka nema, ka buɗe ka gani, ka bar na asali a wurinka. Kuma in ka ga mai makoki ya kasa yin abu mai sauƙi, kar ka ce sakaci ne. Tambaye shi me yake tsoron rasawa.

Ka tura wa ɗalibin da ka sani, ka tura wa wanda aka yi wa rashi. Allah Ya ji ƙan Malam Tasi'u da namu da suka riga mu.