Zirin da Madam Berthet ta Ƙara

Illo mutumin Madarunfa ne, gajere, mai taurin kai, ɗan masu amya tun kaka da kakanni. Shekara uku ya yi a Paris yana dakon buhunan shinkafa a kantin yayarsa Ramatou a unguwar Belleville, kullum cikin ƙorafin warin hayaƙin mota. Da ya samu aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, gefen Lyon, Ramatou ta yi dariya har da riƙe ciki, wai mai gudun hayaƙi ya faɗa gidan hayaƙi.

Amma can aka ba shi ɗan fili a lambun ma'aikata. A bazarar 1984 tarin ƙudan zuma ya sauka kan bishiyar da ke iyakar filin. Illo ya tsaya yana kallo har idonsa ya ciko, don rabonsa da wannan gunjin tun ubansa na raye. Ya saƙa amya, ya turara ta, ya ɗaure ta can sama kan reshe yadda ake yi a gida. Bai nemi izinin kowa ba. A Madarunfa wa ke neman izinin saukar baƙin da Allah Ya aiko?

Abin takaici, reshen ya leƙa filin maƙwabciyarsa Madam Berthet, tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta a masaƙar siliki. Zuma ta harbe ta a fatar ido, ta kai ƙara.

Ma'aikacin magajin gari ya zo da takarda. Dole amya ta yi nisa da filin maƙwabta, kuma filin Illo duka bai kai nisan ba. Mafita ɗaya ce: ya sauko da ita ƙasa, ya kewaye ta da shinge marar kafa mai tsayin mita biyu. In ba haka ba, bayan sati biyu a kwashe zumar.

Katako ya fi ƙarfinsa, amma saƙar zana a hannunsa take. Shi da matarsa Zouera suka yi ta yankan kara a bakin kogi, suna saƙa. Wajen awo Illo ya auna da hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa.

"Kamu huɗu shi ne mita biyu," in ji shi.

"Malam, hannun wa?" Zouera ta tambaya. Bai kula ta ba.

Ana gobe ma'aikacin zai dawo, Madam Berthet ta shigo filinsa ba sallama, da tef ɗin awo irin na tela a wuya. Ta auna, ta sake aunawa, ta dubi hannunsa, ta dubi zanan.

"Malam Illo, saura taƙi guda. Gobe za su ƙi shi."

"Madam, hannuna ya yi ciwo, karan ma ya kusa ƙarewa. Shi ke nan, a ɗauke su."

Ta ja tsaki, ta jawo bokiti ta kife, ta zauna. "Ni shinge na nema, ban ce a raba ka da su ba. Nuna mini yadda ake yi."

Sau ɗaya ya nuna mata. Kafin la'asar ta saƙa ziri da ragowar karan ta ƙara daga sama, saƙa siririya, matsattsiya, ta fi tasa kyau, abin da Illo bai taɓa amsawa da bakinsa ba. Washegari tef ɗin ma'aikacin ya nuna mita biyu har da ɗoriya.

Zumar farko, wadda ya yi wa Ramatou alkawari, gidan Madam Berthet ta tafi. Ramatou ta yi ta faɗa a waya.

Tsohuwar ta rasu a 1988. Duk shekara Illo yakan sabunta zanansa, amma zirin sama yakan kwance shi a hankali ya mayar, ko da ya yi baƙi. In wani ya ce ya jefar, sai ya nuna zumar da ke tashi tana tsallake shi.

"Da hannuna kaɗai, da babu ko ɗaya nan," yakan ce. "Allah Ya saka mata."