Gara Gyare da Gara

Ko zan manta komai na zamana a Agege, ban da ranar da na ja akwatin mahaifiyata. Na katako ne, shi kaɗai na gada, kuma a ciki na adana zanen saƙinta, ina jiran auren 'yata in ba ta.

Daminar Legas ba ta san ya isa ba. Ɗakinmu ɗaya, bango kullum a jiƙe. A wannan damina ce wani koren gyare mai dogayen ƙafafu ya shigo daga ciyawar bakin titin jirgi ya tare da mu. Maigidana direban tanka ne, sai ya dawo daga layin ɗaukar mai a Apapa ido ja wur, yana kwanciya abin nan ya buɗe maƙogwaro. Ni da na yini a gindin murhu ina tuƙa tuwon sayarwa, ni ce kuma mai farautar ƙwaro. Wallahi na gaji.

Maƙwabciyata, wata tsohuwa mutuniyar Nijar, ta gan ni da tsintsiya ta ce, "Ɗiyata, rabu da shi, baki gare shi kawai, ganye yaka ci. Wagga jar ƙasa da ka bin bangonki, ita za ki duba."

Na ce, "To, Inna," na wuce. Wanda bai yi barci ba ina ya ga ta jar ƙasa?

Wata safiya gyaren ya faɗa bayan akwatin. Na ce yau kwananka ya ƙare. Na kama hannun akwatin na ja, sai saman ya biyo ni, gindin ya zauna a ƙasa. Gara ce fara fat, tana ta kai da kawo, ko ƙara babu. Na ɗaga zanen, ya zube a hannuna kamar dusa.

Zama na yi daɓas, ko kuka na kasa. Gyaren kuwa ya yi tsalle ya bi ta taga lafiya lau.

'Yata ta yi aure ba zanen kakarta, kuma abin yana ci mini rai har yau. Tun daga ranar, mai surutu ba ya tayar mini da hankali, ƙwaro ne ko mutum; wanda ya yi shiru a jikin bango nake dubawa. Gara gyare da gara.