Rudun Albasar Baba

Daminar da na shiga aji huɗu, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Baba ya ɗaga zanar rudu ya tsaya yana kallon albasar da ke ciki. Rudu rumfa ce ta kara a bayan gidanmu a Argungu, inda muke shimfiɗa albasa bayan an cire ta, har sai ta yi tsada. Mu dai ba mu san wani banki ba sai ita. Na tsani aikin rudun nan ƙwarai. Kullum kafin makaranta sai ni da yayana Sanusi mun bi albasa muna tsince mai laushi, a aji kuma yara su toshe hanci suna kirana Hajara mai albasa. In na yi ƙorafi sai Baba ya ce, "Bi ta sannu, ɗiyata, wagga ita ta injinmu."

Injin ban ruwa yake nufi. Shekara da shekaru yana jan ruwa da jigo a fadama, har bayansa ya lanƙwashe, in zai yi ruku'u sai ya cije leɓe. A wannan shekarar yake sa ran ya huta. Sai ga shi ruwa ya bi ta zana ya jiƙa rudun, fiye da rabin albasar ya ruɓe. Baba bai gaya wa kowa ba, ya ce mu kwashe mu binne. Wari dai bai ji wannan umarni ba. Kafin azahar sai ga maƙwabcinmu Malam Garba ya yi sallama yana cewa, "Alhaji, mi kaka ɓoye muna? Ai mun jiyo tun daga gida." Da la'asar kwanduna suka fara shigowa, kowa ya ɗebo daga nasa rudun ya juye a namu, ba wanda ya zauna jiran godiya. Ranin da ya biyo baya, inji ya yi kuka a gonarmu.

Yanzu Sanusi ke noman. Yana sayarwa, kuɗi su faɗa wayarsa, ba abin da ruwa zai jiƙa. Banki ya ba shi rance ya ƙara injuna, yana shinkafa sau biyu a shekara, 'ya'yansa na karatu a Birnin Kebbi. Ba na raina wannan, don na ga yadda bayan Baba ya lanƙwashe. Amma bara ambaliya ta cinye masa shinkafa, ga rance a wuyansa, ya yi watanni yana gaisawa da mutane da fara'a yana ramewa. Ni da muke ciki ɗaya sai da ya sayar da injin Baba na sani. Na yi kuka, na yi kewar warin nan da ake tsokanata da shi. Asarar Sanusi ba ta yi wari ba, shi ya sa ba wanda ya yi masa sallama da kwando.