Wuyan Talo-talo da Karen Marigayi

Shekara goma sha tara Gwaggo ta yi tana figar talo-talo a rumfar da ke bayan gidan gona. Kowa a wurin Gwaggo yake ce mata, har shugaban ma'aikata da ya girme ta. Aikin ba ya canzawa: a tsoma tsuntsu a ruwan zafi, a fige, a farke ciki, a wanke da ruwan sanyi, a miƙa wa na gaba. Zafi da sanyin nan su suka cinye mata hannuwa. Yatsunta sun kumbura sun karkace, ko maɓallin riga sai da dabara take sawa.

In an tashi da yamma, ma'aikata kan raba abin da masu saye suka bari. Gwaggo wuya take ɗauka, da ƙundu, da zuciya da 'yar hanta, ta zuba a ƙaramin bokiti mai murfi.

"Gwaggo, karen nan naki ya fi mu cin daɗi," in ji matan rumfar.

"Ai shi ba ya gulma," takan ce.

Karen na mijinta ne. Marigayi gadi yake yi a wurin sayar da katako, kuma "abokin aiki" yake kiransa. Da ya rasu, mai katakon ya ce ba ya buƙatarsa, sai ta jawo shi gida ta yi masa wuri a gindin katanga. Ba son karnuka take yi ba, ko kansa ba ta taɓa shafawa ba. Amma duk gidan shi kaɗai ne har yanzu yake zuba wa ƙofa ido a lokacin da marigayi ya saba dawowa, kuma wannan ya ishe ta dalili.

Yadda mijin ya koya mata haka take dafawa. Ruwa zalla, ba gishiri, ba albasa ko tafarnuwa, domin suna lalata jinin kare. Hanta kamar kan babban yatsa, in ta fi haka sai zawo. Ƙundu a ɓare fatar cikinsa a yanka ƙanana. Wuyan ne wahala. Ƙashin da ya dahu tsagewa yake ya yi tsini kamar ƙaya, ga karen ya tsufa, haƙoransa sun ƙare, haɗiya kawai yake. Don haka kullum sai ta zauna a kujerar tsugune ta tsince naman gaɓa-gaɓa, ta sake laluba shi da yatsun nan masu ciwo. Kusan awa guda abin yake ci mata, bayan ta wuni a tsaye.

Wata rana wani otal ya sayi talo-talo masu yawa, aka hana su ko zama. Da ta dawo gida hannunta ya ƙi damƙuwa, bokitin ma a gwiwar hannu ta rataye shi. Matar ɗanta, wadda suke zaune gida ɗaya, ta karɓa.

"Inna, je ki kwanta. Yau ni zan dafa masa."

"Kin dai san sai an cire ƙashin?"

"Na sha ganin kina yi."

Matar ɗan mai kirki ce, ba a raba ta da wannan hali. Ba ta sa gishiri ba, ba ta sa albasa ba. Sai dai ta bar tukunyar ta daɗe a wuta, ta matsa ƙashi ɗaya ta ji bakinsa ya marmashe, ta ɗauka duk ya yi laushi, wahalar tsinta ta ƙare. Ta juye komai a kwanon karen.

Tagar Gwaggo tsakar gida take kallo, rana ma ba ta faɗi ba. Daga kwance ta ji ƙas, ƙas. Ta san ƙarar sarai. Taku biyar ne tsakaninta da kwanon. Ta ce a ranta sau ɗaya dai ba zai yi komai ba, ta juya ta fuskanci bango.

Da safe suka same shi a takure, yawu na dalala, yana yunƙurin amai da jini-jini. Ɗanta ya ɗauke shi a motar maƙwabci, Gwaggo ma ta shiga. Likitan dabbobi ya duba ya ce ƙashi ya huda hanji, kuma tsufansa ba zai ɗauki tiyata ba. Kafin tsakar rana ya mutu.

Da suka dawo, ɗan ya tsaya a tsakar gida ransa a ɓace.

"Wa ya ba shi ƙashi? Karen Baba ne fa."

Matarsa ta buɗe baki, amma Gwaggo ta riga ta.

"Ni ce."

Ya dubi hannayen uwarsa, ya fita. Can matar ta biyo ta ɗaki ta durƙusa tana hawaye.

"Inna, kin rufa mini asiri."

"Ban rufa miki komai ba, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Ina jin sa yana ci. Na san abin da yake ci. Na gaji ne kawai."