Rantsuwar Da Na Ƙi Yi

A shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, ni saurayi ne da bai daɗe da fitowa daga jami'a ba, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a nan Ibadan. A Sabo, unguwar Hausawa, aka haife ni, mahaifina dillalin goro ne, kuma ina jin Yarbanci kamar yadda nake jin Hausa. Sai dai ina da wani hali da abokaina suke yi mini tsiya a kansa: ba na iya yanke magana. Sukan ce ko sunana aka tambaye ni, sai na ce ina zaton haka ne. Ni kuwa a lokacin ina ganin wannan shi ne ilimi, shi ne kuma tsoron Allah, kada mutum ya faɗi abin da bai tabbatar ba.

Akwai asibitin gwamnati da ke yi wa matan talakawa awon ciki kyauta, amma matan unguwarmu ba su cika zuwa ba. Yawancinsu suna kulle, ba sa fita sai da izinin miji. Wata nas Bayarabiya, dattijuwa mai faɗa da dariya a lokaci guda, ta zo wurin mai unguwa ta roƙi a haɗa ta da mutum biyu. Aka ba ta gwaggona, ta riƙa shiga gidaje tana tara mata ranar awo. Aka ba ta ni, in riƙa bin mazajen da abin da nas ta gani. Nas ɗin Akawu take kirana, tana cewa da za a sayar da "wataƙila" a kasuwa, da tuni na gina bene.

Cikin matan akwai matar wani ɗan dako da ya zo daga ƙasar Zazzau, yana ɗaukar huhun goro a tashar jirgi. Cikinta ya tsufa, ga kasala, ga haki. Gwaggo ta ce nas ta janyo fatar idonta ta nuna mata, fari fat kamar auduga. Aka ba ta maganin ƙarin jini, aka ce lalle a asibiti za ta haihu, kuma mijin ya zo ya ba da kwalbar jini tun yanzu, a ajiye saboda ranar. To a wannan lokacin wata jita-jita ta cika Sabo, wai duk jinin da aka ɗiba a asibiti bakin daga ake kai wa sojoji, wai kuma ɗan dakon da aka ɗebi jininsa ba ya sake ɗaga kaya.

Na sami mijin bayan la'asar a inuwar masallaci, shi da abokan aikinsa suna cin dafaffiyar gyaɗa. Mutum ne mai fara'a. Ya matsa mini wuri, yana cewa a ba malamin boko tabarma kada wandonsa ya yi ƙura. Ya saurare ni har na gama. Ya ce shi ba ƙarfinsa yake ji ba, in don uwar 'ya'yansa ce ko kwalba biyu a ɗiba. Abu ɗaya yake so: in rantse masa cewa jinin nan jikinta zai shiga. Na san yadda abin yake, ko in ce na san rabinsa. Jinin da aka karɓa a wuri ɗaya ake tara shi, a ba wanda nasa ya dace. Sai na shiga bayani. Na ce ba zan iya rantsuwa ba, domin mai yiwuwa ne wani a ba wa nasa, ita kuma a ba ta na wani. Wani daga gefe ya tambaya ko wanin nan zai iya zama soja. Na ce ban sani ba, ba kuma zan ce ba zai yiwu ba. Ɗan dakon ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa, ya ce Allah ya saka da alheri, ai malam ya gama magana.

Daga ranar bai je ba, ya kuma hana ta komawa awo gaba ɗaya, don kada a tsare ta a kan jinin. Wasu mazan biyu ko uku suka bi sahunsa. Gwaggo ta wanke ni tas. Ta ce mutum ya zo da ƙishirwa, ni kuwa na tsaya ina kwatanta masa zurfin rijiya. Nas ta ce in koma in gyara ɓarnata. Na ce zan koma, amma sai na fara zuwa wurin masu ajiyar jinin na ji tabbacin inda yake tafiya. Yau jarrabawar ɗalibai, gobe jami'in ba ya nan, haka na yi ta jan ƙafa. Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba sai yau: ina tsoron allurar ɗibar jini. Ya faɗo mini a rai in ce masa mu je tare a fara da ni, na danne tunanin, na kira shi taka-tsantsan.

Wata safiya ina shirin tafiya makaranta gwaggo ta shigo ba ko sallama. Matar ta haihu a gida, yaron bai zo da rai ba, jini kuma ya ƙi tsayawa. A bayan motar goro muka kai ta, mijin yana riƙe da kanta yana kiran sunanta, abin da ban taɓa jin ya yi a gaban mutane ba. Allah ya sa akwai jinin da ya dace da nata a ajiye, aka ɗaura mata. Da rana ta yi, nas ta fito ta ce ta farfaɗo. Mijin ya sa na tambayar masa jinin wa aka sa mata. Ta ɗaga kafaɗa, ta ce wa ya sani, ko na direba, ko na mai sayar da barkono, ko ma na sojan da suke tsoro, jini ba ya zuwa da sunan ubansa. Sai mijin ya naɗe hannun rigarsa ya ce a nuna masa ɗakin ɗibar jini. Na bi shi, aka kwantar da mu a gadaje biyu kusa da juna.

Muna kwance ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba. Ya ce ashe adashi ne, kowa ya zuba, mai bukata ya ɗauka. Ya ce da haka na gaya masa a inuwar masallaci, da ya gane. Ya ce da ma ban ce komai ba, na kwanta kamar yadda na kwanta yanzu, da ya biyo ni.

Ba zan ce da ta ci gaba da awo yaron zai rayu ba, wannan sanin Allah ne, kuma na san halina na neman mafaka a irin wannan magana. Abin da na tabbatar shi ne ban yi ƙarya ba, amma gaskiyar da na faɗa ta fi amfanar da ni a kan ta amfane shi. Na kare bakina daga rantsuwa, na bar mace mai ciki ba awo. Don haka nake jan kunnen duk wanda aka sa tsakanin asibiti da mutanen unguwa, musamman 'yan boko irina. Kada ka yi wa kowa ƙarya, amma kada ka sauke masa shakkarka a ka, ka juya ka tafi. Faɗa masa abin da ka sani da harshen da yake ji. Inda saninka ya ƙare, naɗe hannun rigarka ka shige gaba.