Ƙoren Inna Uwa

Duk wanda ya saba cin kasuwar Gwiwa ya san Inna Uwa mai nono, wadda ke zama a gindin darbejiya kusa da 'yan hatsi. Nononta bai fi na sauran matan ruga kauri ba. Abin da ke tsayar da mutane a gabanta shi ne ƙwaryar da take zubo shi a ciki, domin bayanta cike yake da zane baƙi siriri, tun daga baki har gindi.

Wurin mahaifiyarta ta koyi wannan aiki tun tana budurwa. Ana sa bakin wuƙa a garwashi har ya yi ja, sannan a bi bayan ƙwarya da shi a hankali, hayaƙi na shiga ido. Kowane zane da sunan da tsohuwar ta sa masa: akwai hanyar shanu, akwai idon zabo, akwai wani mai wuya da take kira kukan amarya. Da mahaifiyar ta rasu ta bar mata manyan ƙore huɗu. Ita kuma Uwa ta ƙara biyar nata a tsawon rayuwa. Ɗaya ta zana shekarar da ta auri Mamuda, ɗaya da ta haifi 'yarta Rahamatu, ɗaya kuma a cikin zaman makokin ɗanta Ashiru da ƙyanda ta ɗauke yana shekara uku. Waɗannan tara ba ta zuwa kasuwa da su. Suna kife a kan gadon kara a ƙuryar ɗaki.

Sannu a hankali burtali ya ƙuntata, shanu suka ragu, Mamuda ya koma noman gero har Allah ya karɓi abinsa. Rahamatu ta yi aure a Babura, kayan ɗakinta duk roba ne da kuloli. Da uwar ta miƙa mata ƙwaryar haihuwarta, sai ta ce, "Inna, ki ajiye mini a wurinki, ba ni da inda zan sa ta." Ba ta sake tambaya ba. Yanar ido kuma ta fara rufe wa Uwa gani, dole ta ajiye wuƙa.

Wata ranar kasuwa sai ga wata matashiya ta durƙusa a gabanta ta gaishe ta. Ta ce sunanta Sa'adiyya, malamar zane ce a wata makarantar 'yan mata a Kazaure. Ita da abokan aikinta sun kama wani tsohon sito sun mai da shi ɗakin nuna kayan gargajiya.

"Namu ba irin na birni ba ne, Inna, inda ake kulle kaya a gilashi. A wurinmu mutum zai ɗauka ya shafa, ya ji nauyin abin a hannunsa."

"To in ya shafa, sai me?"

"Sai ya zauna a teburi. Mun tanadi sababbin ƙore da fenti, kowa ya zana abin da ya ji a ransa bayan ya ga naki."

Uwa ta yi shekaru ba wanda ya tambaye ta sunan zane ko ɗaya, ga wannan yarinya ta zauna a ƙasa tana tambaya tana rubutawa a littafi. Kafin la'asar Uwa ta amince ta ba da aron ƙoren tara, na wata guda.

Ranar buɗe ɗakin aka aiko da mai babur ya ɗauke ta. An jera ƙorenta a kan wata kanta ta katako jikin bango, ga masaƙa a gefe da kowa ke gwada jefa ƙoshiya, ga bangon da aka shafe da yumɓu yara na danna tafin hannunsu. 'Yan mata suka kewaye ta, tana kama yatsunsu tana bin layin zane da su tana faɗin sunansa. Da ta koma gida ranar sai da ta nemo tsohuwar wuƙarta ta wasa ta a dutse, ko da yake ta san idon ba zai yarda ba.

A mako na uku aka yi ruwa mai ƙarfi, rufin siton ya yi yoyo daidai kan kantar da ƙoren suke. Wani daga cikin abokan Sa'adiyya ya kwashe ƙoren don kar su jiƙe, ya ɗora su a kan teburin fenti tare da sababbin, da niyyar ya mai da su idan an gyara kwanon rufin. Kashegari Asabar, Sa'adiyya tana asibiti wurin jinyar mahaifinta. Motoci biyu suka sauke ɗaliban wata firamare su fiye da sittin. A saman teburin akwai allo da aka rubuta: Ɗauki ƙwarya ka zana abin da ke ranka. Yaran suka yi abin da allon ya ce.

Sa'adiyya da kanta ta zo ruga ta faɗa mata. Ta kasa shiga ɗaki, a tsakar gida ta durƙusa tana hawaye. Uwa ta ce, "Tashi, 'yata. Gobe zan zo in gani."

Bakwai daga cikin tara fenti ya hau su, fentin mai, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, har ya bushe. Uwa ta ɗauki babbar ta mahaifiyarta ta kai kusa da ido. An yi mata mota mai tayoyi uku, ga rubutu a ƙasa.

"Me aka rubuta nan?"

Sa'adiyya ta sunkuyar da kai. "Sunan wata ƙungiyar ƙwallo ne, Inna."

Ta Ashiru kuwa an shafe ta da shuɗi gaba ɗaya, ciki da waje. Uwa ta bi bayanta da yatsa, ta ji fentin ya cike layukan, ya zama sumul. A wata ƙaramar, wani yaro ko yarinya ya bi zanen idon zabo ɗaya bayan ɗaya da ruwan ɗorawa, bai kauce ba. Wannan ta fi daɗewa a hannunta.

Shugaban masu ɗakin nunin, wani Malam Jalaluddeen, ya matso ya gaishe ta da ladabi. Ya ba da haƙuri sosai. Sannan ya ce hotunan ƙoren sun bazu a waya, mutane na ta yabawa, suna cewa tsohon hannu da sabo sun haɗu. Ko za ta bar su a ci gaba da nunawa, a rubuta sunanta a babban allo?

"Ban iya karatu ba, Malam," in ji Uwa. "A ɗaure mini kayana."

Ta gwada kananzir, ta gwada toka da yashi. Fentin ya dushe ya bar dabbare-dabbare, amma na cikin layukan bai fita ba. Ranar kasuwa ta kai wa Haladu gyartai, wanda ya shekara talatin yana ɗinke mata ƙwarya in ta tsage. Ya juya ta mahaifiyarta a hannu, ya ɗan kankara da farce.

"Inna Uwa, in na kankare fentin, da zanen zai tafi. Ƙwaryar ta tsufa, ba ta da sauran kauri. Sai dai ki zana wasu."

"Da wane idon?"

Haladu ya mai da mata ita cikin buhu.

Sa'adiyya ta sake zuwa sau biyu tana roƙon Uwa ta riƙa zuwa ranar Asabar tana koya wa 'yan mata zane, ko da baki ne. Uwa ta karɓe ta hannu biyu, ta dama mata fura, amma ta ce ƙafa ba ta barin ta tafiya. Bayan damina mai siton ya karɓi wurinsa zai zuba riɗi, ɗakin ya tashi, masaƙar ma aka mai da wa masu ita.

Ƙore biyun da suka tsira ta aika wa Rahamatu ta hannun wani direba, ba tare da saƙo ba. Sauran bakwai suna cikin buhun taki a saman rumbu, bakin buhun a ɗaure. Maƙwabciyarta ta taɓa roƙon ɗaya don zuba wa kaji dusa. Uwa ta ce ta hau ta zaɓa da kanta, kar dai ta nuna mata wadda ta ɗauka.